Ku Tambaya, Mu Amsa: Laifi Ne A Tuhumi Maganar Hukumomin Lafiya?

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan abu guda suka zo: shin mutum yana da damar tsayawa a bainar jama'a ya ce bai gamsu da maganar hukumar lafiya ba? Mun miƙa su ga likitan lafiyar al'umma, da mai harhaɗa magunguna, da lauya, dukansu a nan Sakkwato. Mun taƙaita wasu wasiƙun saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. A wani taro da anka yi a unguwarmu na tambayi dalilin da ya sa har yanzu ake bin gida-gida da ɗigon foliyo, alhali tun 2020 an ce cutar ta ƙare a Najeriya. Sai wani jami'i ya ce irin tambayar tawa ce ke hana mutane karɓar rigakafi, in yi shiru. Na yi laifi? *Malamin Islamiyya, Mabera*

Amsa: Allah ya gafarta Malam, ba ka yi laifi ba. Tambayarka tana da amsa, sai dai amsar ba ta da daɗin faɗa, shi ya sa wasu ke so a bar kaza cikin gashinta.

Abin da aka sanar ranar 25 ga Agusta, 2020 shi ne ƙwayar foliyo, wato shan inna, ta asali ta ƙare a nahiyar Afirka. A Borno aka ga ta ƙarshe a Najeriya, a 2016. Wadda ake fama da ita yanzu a Sakkwato da Zamfara da Kebbi da Katsina daban ce. Ɗigon nan biyu da ake sa wa yaro a baki yana ɗauke da ƙwayar cutar mai rai, wadda aka raunana. Tana hayayyafa a hanjin yaro, jiki ya koyi yaƙar ta, sannan ta riƙa fita a bahaya na wasu makonni. A garin da yawancin yara suka samu rigakafi, ba ta samun wurin zama, sai ta mutu. A inda yawancin yara ba su samu ba, ga bahaya a fili, ga ruwan sha maras tsabta, sai ta yi ta ƙaura daga wannan hanji zuwa wancan. In ta yi kamar shekara ɗaya ko fiye tana wannan yawo, tana iya sauya kama, ƙarfinta ya dawo, ta shanye ƙafar yaro.

Akwai kuma kuskuren lissafi da manyan masu tsara aikin suka yi. Ƙwayar iri uku ce. A Afrilun 2016 aka cire iri na biyu daga cikin ɗigon a duniya baki ɗaya, saboda na asalinsa ya riga ya ƙare. An dogara ne ga allurar foliyo ta asibiti ta toshe gurbin. To yaran da ba a kai su asibiti fa? Haka suka taso ba su da kariya daga iri na biyu, kuma shi ne ya dawo yana ɓarna. Masanan shirin yaƙi da foliyo da kansu sun rubuta cewa sauyin bai tafi yadda aka zata ba. A Maris ɗin 2021 aka fara amfani da sabon ɗigo na iri na biyu, wanda aka gyara don ya yi wuyar rikiɗa, kuma Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka karɓe shi.

Wanda ya ce maka daga ɗigon wannan ƙwaya ta samo asali, bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya faɗa. Ɗaya rabin shi ne: yaron da ba a yi wa ba, ko aka yi masa sau ɗaya aka bari, shi take kayarwa.

Maimaitawar kuma ga dalilinta. Hanjin yaro mai yawan gudawa ko tamowa ba ya kama ɗigon kowane lokaci, don haka sau uku da zai wadatar a wata ƙasa ba ya wadatarwa a nan. Sannan cikin yara kusan 200 da ƙwayar ta shiga, ɗaya ne ke shanyewa. In an ga yaro guda a ƙaramar hukuma, akwai ɗaruruwa da ke ɗauke da ita ba alama. Ka duba katin ɗanka: in ba a cike gurbin allurar foliyo ta mako 6 da ta mako 14 ba, ka kai shi, ko ya wuce lokacin.

Saura ƙorafin da muka san yana ƙarƙashin tambayar mutane da yawa: me ya sa foliyo ke zuwa ƙofar gida kyauta, maganin zazzaɓi kuwa sai an saya? Wannan magana ce ta yadda ake kasafta kuɗi, kuma tana kan hanya. Sai dai yarinyar da ke ɗauke da akwatin sanyi ba ita ke yin kasafi ba. Shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisarku su ne masu amsa ta.

Tambaya: Ina gabatar da shiri a wani gidan rediyo. Ina so in haɗa likita da wani mai sukar rigakafi su yi muhawara. Abokan aikina sun ce wuta zan kunna. Yaya zan tsara abin? *Ma'aikaciyar rediyo, Sakkwato*

Amsa: 'Yar'uwa, tsoronsu yana da asali. Ranar 8 ga Fabrairu, 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan foliyo tara a Kano, yawancinsu mata, kwanaki kaɗan bayan wani shirin rediyo a kan rigakafin, har aka kama wasu ma'aikatan gidan. Duk da haka ba mu ce ki fasa ba. Maganar da aka hana ta fita a rediyo ba mutuwa take yi ba, majalisar dare da WhatsApp take komawa, inda babu mai mayar da martani. Kuma muhawara ba baƙuwa ba ce a garin nan. Muhammadu Bello da Shehu El-Kanemi na Borno sun yi ta musayar wasiƙu a kan halaccin jihadi kansa, kowa na kawo hujjarsa a rubuce.

Aikin yana farawa mako guda kafin shirin. Ki ce wa mai sukar ya rubuto miki da'awarsa a jimla ɗaya ko biyu. "Ban yarda da Turawa ba" ba da'awa ba ce, ra'ayi ne. "Ɗigon yana hana haihuwa" da'awa ce, domin ana iya gwada ta. Daga nan ki rarraba abin da ya kawo. Wani na gwaji ne: me ke cikin kwalbar, yara nawa suka samu illa. Wani na amana da fifiko ne: wa ke ba da kuɗin, me ya sa wannan cuta aka zaɓa. Wani na addini ne. Likita na farkon kaɗai zai iya amsawa da iliminsa. In kika bar shi yana fatawa, ko kika bar malami yana bayanin sinadari, kin cuci mai sauraro. Na addinin ki gayyato malami, shi zai kawo miki labarin Sayyidina Umar da ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, yana cewa daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah.

Duk takarda ko bidiyon da wani zai ambata, ki gan shi tukuna, ki kuma ba wa ɗaya ɓangaren. Ki naɗi shirin, kada ki sa shi kai tsaye, amma ki gaya musu tun farko cewa abu biyu kaɗai za ki yanke: zagi ko tunzuri, da ambaton sunan ma'aikaciyar rigakafi ko unguwar da take.

Ga inda irin wannan shiri ya fi lalacewa. Mai suka yakan jero zargi goma cikin minti biyu, kowane ɗaya kuma yana bukatar minti biyar kafin a warware shi. Lokaci ya ƙare an amsa biyu, mai sauraro ya ɗauka takwas ɗin gaskiya ne. Maganinsa: batu ɗaya, minti uku-uku, martani minti ɗaya, ba a matsawa sai an gama. Sai kuma likitan da zai ce rigakafi ba shi da illa ko kaɗan. Da ya faɗi haka ya faɗi ƙasa, domin akwai uwar da ke sauraro wadda ɗanta ya kwana yana zazzaɓi bayan allura. Ki nemo wanda zai faɗi illar da yawanta. Ki kuma nemo mai Hausa a baki. Sau da yawa ba hujja ke cin muhawara ba, iya magana ne, kuma likitan da ke cusa Turanci a kowace jimla ba zai kai labari a gaban gogaggen mai wa'azi ba.

Tambaya guda ki yi wa kowannensu, a farko da a ƙarshe: me za ka gani ka sauya ra'ayi? Wanda ya ce babu, ko likita ne ko mai suka, mai sauraro ya gane da wa yake magana.

Ba wa kowa minti daidai ba ya nufin hujjojinsu nauyi ɗaya ne. In bincike a kan yara dubu ɗaruruwa yana gefe guda, saƙon murya yana ɗaya gefen, aikinki ne ki faɗa. Kuma akwai lokacin da ba a muhawara. In kwalara ta ɓarke, ba a zama ana gardama a kan ko a ba mai gudawa ruwan gishiri da sukari: ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a yi ta ba shi, a nufi asibiti. Ki tuna daren Agustan 2014 da aka tashi mutane su yi wanka da ruwan gishiri su kuma sha, wai maganin Ebola. An rasa rayuka, wasu suka kwanta asibiti.

Tambaya: An yi ma ɗiyata allurar mako goma, cinyarta ta kumbura, bayan kwana shida ta yi ƙurji har da mugunya. Da na koma sai anka ce kada in yaɗa, zan ɓata masu aiki. In yi shiru? *Wata uwa, Gwadabawa*

Amsa: Allah ya ba ta lafiya, Hajiya. Kada ki yi shiru. Ƙa'idar aikin ma ta wajabta a rubuta abin da ya same ta.

Ki fara sanin wanda aka saba gani. Bayan allurar cinya ta mako 6, 10 da 14, zazzaɓi da ɗan kumburi da rigima na kwana ɗaya zuwa biyu ba abin tsoro ba ne. Ta ƙyanda kan kawo zazzaɓi ko 'yan ƙuraje bayan kamar mako guda zuwa kwana 12. Ta tarin fuka da ake yi a kafaɗa takan yi ɗan miki bayan makonni, ya warke ya bar tabo, kuma haka ake so. Waɗanda ba a jira da su: wahalar numfashi ko kumburin fuska jim kaɗan bayan allura, jijjiga, kuka ba ƙaƙƙautawa na awa uku, da ƙurji mai mugunya irin na ɗiyarki.

Ƙurji galibi daga hannu yake zuwa, ba daga maganin ba: ƙazanta ta shiga kwalba ko allura, ko ba a soka ta kai cikin tsoka ba, ko maganin ya daskare. Allurar cinyar nan mai kariya biyar, wato daga cututtuka biyar, ana ajiye ta ne tsakanin digiri 2 zuwa 8, in ta taɓa ƙanƙara ta daskare ta lalace. Ta ƙyanda da ta shawara da ta tarin fuka gari ne da ake haɗawa da ruwansa, kuma in an haɗa, bayan awa shida zubarwa ake yi.

Ki kai ta a duba ƙurjin, kada a matse shi a gida, kada a shafa masa komai. Ki tafi da katinta. Ki ce a cike takardar rahoton illar bayan rigakafi, a rubuta ranar allurar da lambar rukunin kwalbar. In an ƙi, kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka, ki same shi ta hannun mai unguwa ko kwamitin ci gaban mazaɓa. Matsala mai tsanani cikin awa 24 ake kai rahotonta sama. Mai babbar waya na iya aikawa ta manhajar Med Safety ta NAFDAC. Ki kuma tambayi matan da kuka je tare a ranar. In yara uku sun yi ƙurji daga zama ɗaya, an gano bakin zaren.

Gaba in kin je, kina da ikon cewa a nuna miki kwalbar. Akwai ɗan da'ira a jikinta mai murabba'i a tsakiya. In murabba'in ya fi da'irar haske, maganin lafiya lau. In launinsu ya zama ɗaya ko ya fi ta duhu, zafi ya kashe shi. Sirinji kuma a gabanki za a ɓare shi.

Ga masu cewa a yi shiru: a tsibirin Samowa a 2018 jarirai biyu suka mutu bayan ma'aikatan jinya sun haɗa allurar ƙyanda da wani magani daban maimakon ruwanta. An dakatar da rigakafin na watanni, tsoro ya cika gari kafin bayani ya isa ga iyaye. A 2019 ƙyanda ta kashe mutum 83, yawancinsu ƙananan yara. Allurar mako 14 tana nan tana jiran ɗiyarki, Hajiya, ki kai ta in ƙurjin ya warke, ko a wani asibitin in hankalinki ya fi kwanciya da can.

Tambaya: Kullum ana ce mana mu bi masana. Shin hukuma ta taɓa yin kuskure, masu suka suka yi daidai? *Ɗalibi, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo*

Amsa: Sau da yawa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe mutum sama da 11,000 a Najeriya, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a binciken da ya ƙunshi yara 200. Goma sha ɗaya suka rasu, biyar cikin waɗanda aka ba Trovan, shida cikin waɗanda aka ba wani maganin daban don kwatantawa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A 2011 hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da rigakafin ciwon hanta a Abotabad ta Pakistan wajen neman Usama bin Ladan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, kuma ba a ce masa mahaukaci.

A Afrilun 2020 masu haƙa kabari a Kano suka ce gawawwaki sun yi yawa. Bayanin farko na hukuma ya jingina abin ga hawan jini da ciwon suga da zazzaɓi da sanƙarau. A watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce mutum 979 suka rasu, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da korona. A nan gida, binciken gida-gida na 2016 zuwa 2017 ya gano kashi 3 cikin ɗari kacal na yaran Sakkwato suka samu zagaye na uku na allurar mai kariya biyar, alhali rahotannin ofis suna nuna adadi mai yawa. Sakamakon binciken ne ya sa aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan rigakafin yau da kullum a faɗin ƙasa a 2017.

A kimiyya ma haka. Likitoci sun daɗe suna cewa damuwa da yawan sinadarin ciki ke kawo olsa. Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya suka ce ƙwayar cuta ce, aka yi musu dariya. Marshall ya kwankwaɗi ƙwayar a 1984, ciwon ciki ya kama shi. A 2005 suka karɓi kyautar Nobel.

Amma ka juya takardar. Shugaba Thabo Mbeki na Afirka ta Kudu ya saurari masu cewa ba ƙwayar HIV ke kawo ƙanjamau ba, aka yi ta jan ƙafa wajen raba magani, masu bincike na Jami'ar Harvard suka ƙiyasta rayuka fiye da 330,000 da aka yi asara tsakanin 2000 da 2005. Likitan Ingila Andrew Wakefield ya danganta allurar ƙyanda da galahanga a 1998 bisa yara 12 kacal, a 2010 aka janye takardar aka kuma soke lasisinsa. Dakatar da foliyo a Kano daga 2003 zuwa Yulin 2004 ya sa cutar ta koma ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da Indonesiya.

Bambancin a ina yake? Marshall ya kawo abin da kowane ɗakin gwaji zai maimaita ya ga abin da ya gani. Masu haƙa kabari suna da ƙidaya. Na Wakefield da aka maimaita a kan yara dubu ɗaruruwa, ba a ga komai ba. Yin kuskuren hukuma jiya dalili ne na a bincike ta yau, amma ba ya mayar da maganar kowane mai suka gaskiya. Da mudun da ka auna ta za ka auna shi.

Tambaya: Za a iya kama ni in na rubuta a Facebook cewa ban yarda da alƙaluman gwamnati na wata annoba ba? *Matashi, Tambuwal*

Amsa: Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba ka 'yancin faɗin ra'ayi. Sashe na 45 ya ba da damar a taƙaita shi da doka saboda tsaro ko lafiyar jama'a. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, bayan gyaran 2024, yana magana ne a kan saƙon da mutum ya san ƙarya ne, ya aika don tada hargitsi ko jefa rai cikin haɗari. Akwai kuma laifin ɓata suna. Saboda haka "ban gamsu da adadin nan ba, a unguwarmu kaɗai mun yi jana'iza bakwai cikin mako guda" magana ce da za ka iya karewa in ka ƙirga da gaske. "Wane yana kashe yara da gangan" kuwa zargi ne da za a ce ka tabbatar. Lauyanmu ya ƙara da cewa abin da doka ta ce daban, abin da kan faru a caji ofis daban, don haka ka ajiye hujjarka kafin ka danna.

Akwai hanyar da ta fi rubutun Facebook cizo. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta wa hukuma ka nemi takardu, ba sai ka faɗi dalili ba. Kwana 7 gare su su amsa, suna iya ƙara wasu 7. In sun hana, kana da kwana 30 ka je kotu. Ka nemi abu takamaimai: adadin waɗanda suka kamu da waɗanda suka rasu, mazaɓa-mazaɓa, daga wata kaza zuwa wata kaza, da adadin samfurin da aka gwada. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a kan ɗaya. Wasiƙar da ta ce "ku ba ni duk bayanan annoba" a aljihun tebur take ƙarewa.

Tambaya: Ina da 'yan mata uku. An ce a yi masu allurar sankarar bakin mahaifa. Me ya sa mata kaɗai, kuma ƙanana? Mutane na cewa ta hana haihuwa ce. *Magidanci, Bodinga*

Amsa: Alhaji, duk uban da bai yi wannan tambaya ba shi ne abin mamaki. An ƙaddamar da allurar a Najeriya ranar 24 ga Oktoba, 2023, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, sau ɗaya. Sankarar nan wata ƙwaya ce mai suna HPV ke jawo ta, ana ɗaukar ta ta hanyar saduwa, kuma namiji na iya ɗauke da ita shekaru ba alama. Macen da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya samu. Allurar ba ta warkar da wadda ta riga ta ɗauka, shi ya sa ake yin ta tun kafin aure. Babu ƙwaya mai rai a cikinta, ɓawonta ne kawai aka kwaikwaya. Iri biyu daga cikin waɗanda take karewa, na 16 da na 18, su ke jawo kusan kashi 70 cikin ɗari na sankarar. A 2020 mata kusan 12,000 suka kamu a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu.

Mata aka sa a gaba don su ke mutuwa kuma allurar ba ta wadata ba. Inda take da yawa har maza ake yi wa: Ostireliya tun 2013, Birtaniya tun 2019. Malesiya, ƙasar Musulmi, tun 2010 take yi wa 'yan matanta.

Batun haihuwa abu ne da ake ƙirgawa. Tun 2006 ake amfani da allurar, waɗanda aka fara yi wa sun yi aure sun haihu, kuma bibiyar da aka yi ba ta nuna ƙarancin haihuwa a cikinsu ba. Irin wannan zargi aka yi wa ɗigon foliyo a 2003. Yaran da aka ɗiga wa a lokacin su ne iyayen yau, kuma binciken ƙasa na 2018 ya nuna macen Arewa maso Yamma na haihuwar 6.6 a matsakaici. Ka leƙa gidajen suna a Bodinga, gani ya kori ji.

Illar da aka sani: ciwon dantse, ɗan zazzaɓi, wasu kuma su yi jiri ko su suma don tsoron allura, shi ya sa ake zaunar da yarinya minti 15. Inda muke tare da masu ƙorafi shi ne makarantar da za ta tara yara a yi musu ba tare da sanin iyaye ba. Wannan kuskure ne, kuma shi ya fi kowace jita-jita ɓata aikin.

Tambaya: Ina aikin rigakafi. Wasu 'yan tawaga kan shafa wa yaro tawada a yatsa ba tare da ɗiga masa ba in iyaye sun ƙi, a cike takarda. In na faɗa za a ce na tona asiri. *Ma'aikaciyar lafiya, gabashin Sakkwato*

Amsa: Matsalar sananniya ce, masu shirin ma suna ambaton ta a tarukansu. Tushenta shi ne ana auna tawaga da yawan adadi, sai ya zama wanda ya rubuta gidan da aka ƙi shi ake yi wa faɗa. Ɓarnarta kuwa babba ce, domin masu bin sawu bayan zagaye yatsan suke dubawa. Sai a ce ƙauye ya kammala, a ɗauke ƙafa, ƙwayar na yawo a ciki.

Ki rubuta gidan da aka ƙi a matsayin wanda aka ƙi, da dalilin da maigidan ya bayar, da kalmominsa. Wannan shafi shi ake kai wa mai unguwa da uban ƙasa da liman su je su zauna da shi, kuma yawanci dalilin ba na aƙida ba ne: rijiya ce ta lalace, ko an kai matarsa asibiti ba a samu kowa ba. Ki riƙe littafinki na kanki mai kwanan wata, da adadin kwalaben da kika karɓa da waɗanda kika mayar. A taron bitar yamma ki kawo maganar a matsayin matsalar aiki, ba tare da nuna yatsa ba. In ba a ɗauka ba, ki rubuta wa jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma, ki riƙe kwafi, in da hali ku sa hannu ku biyu ko uku. Kada ki sa hoton yaro ko katinsa a intanet don kafa hujja: dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana fitar da bayanan wanda aka duba ba da izini ba, kuma da wannan za a fara kama ki kafin a waiwayi abin da kika faɗa.